Gautsin kofaton doki: abin da abinci ke gyarawa da abin da ba ya gyarawa

Da zarar an ce saura wata ɗaya ko biyu sallah, hankalin masu dawaki kan koma ƙafa. Doki ya murje, gashi na sheƙi, kayan hawa sun kammala, amma kofato ya tsattsage, bakinsa na ɓantarewa, wanda aka yi wa takalmi kuma ƙusa ta ƙi zama. Daga nan sai shawara ta yi yawa. Wannan ya ce a shafa man kaɗanya, wancan ya ce baƙin mai, wani ya ce a riƙa tsayar da dokin cikin ruwa, mai shagon magungunan dabbobi kuma ya miƙo gwangwanin wani bitamin da ake kira bayotin, ɗan waje mai ɗan karen tsada. Kowa da hujjarsa, mai doki kuwa ya rasa ta wa zai ɗauka. Gardamar ba ta rabuwa sai an san yadda kofato ke tsirowa, domin a nan ake gane abin da zai yiwu cikin mako guda da abin da sai an yi shekara.

Yadda kofato ke tsirowa

Abin da ido ke gani idan doki na tsaye shi ne bangon kofato, kuma shi ke ɗaukar mafi yawan nauyi. Idan aka ɗaga ƙafar za a ga tafi, a tsakiyarsa akwai wani sashe mai taushi mai siffar kan mashi, wanda yake kamar matashi ga ƙafar. Inda bango ya haɗu da tafi akwai siririn layi mai ɗan haske, shi ake kira farin layi. Daga ciki kuma wasu siraran ganyayyaki na nama ne ke manne bango da ƙashin ƙafa.

Bango ba shi da jini, ba shi da jijiya. Da keratin aka gina shi, furotin ɗin da ke cikin farce da ƙaho da gashi, kuma ƙarfinsa na zuwa ne daga sinadarin farar wuta da ke ɗaure zaruruwan furotin ɗin da juna. Ana ƙera shi a wuri ɗaya tak: zoben nan da ke iyakar gashi da kofato. Daga can yake saukowa, milimita 6 zuwa 10 a wata. Kafin abin da aka ƙera yau ya taɓa ƙasa ta gaba sai an yi wata 9 zuwa 12. Ta dunduniya, da yake gajeriya ce, wata 4 zuwa 5.

Ma'anar wannan ita ce, bakin kofaton da ke marmashewa yau, abincin bara ne ya gina shi. Babu garin da za a zuba a abinci ya koma ya ƙarfafa abin da aka riga aka ƙera, sai dai ya gyara wanda ke tafe. Wanda ya fara ba dokinsa bayotin a watan Sha'aban don hawan ƙaramar sallah, hawan baɗi yake shiryawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba kowace tsaga ce ta yunwa ba

Kafin a kashe ko sisi, a duba ƙafafun huɗu. Matsalar abinci ba ta zaɓen ƙafa. Idan daga abinci ne za a ga duka huɗun sun yi rauni, tsiro ya ragu, sau da yawa gashi ma ya dushe, jela da geza suna karyewa. Idan kuwa ƙafa ɗaya ce, ko gefe ɗaya na kofato, to a nemi dalili a wajen yanka, ko tsayuwar ƙafar, ko tsohon rauni.

Tsagar da ta faro daga ƙasa tana hawa sama yawanci ta kofaton da ya yi tsawo ne, bakinsa ya baje, ƙasa na ɓamɓarar shi a kowane taku. Wadda ta faro daga bakin gashi tana saukowa ta fi muni: ko an ji wa zoben ciwo, ko nauyi ya karkata gefe ɗaya. Tsaga a kwance kuwa tarihi ce, alamar wani bugu ko ƙurji da ya fashe ta sama watanni baya, kuma za ta sauko ta fita da kanta. Zobba-zobba da suka kewaye kofatai huɗu a tsayi ɗaya suna nuna lokacin da aka sauya abinci ko doki ya yi zazzaɓi. Amma idan zobban sun matse ta gaba sun buɗe ta dunduniya, farin layi ya yi faɗi, wannan alamar laminaitis ce, wato kumburin ganyayyakin da ke riƙe bango da ƙashi. Aikin likitan dabbobi ne.

Akwai kuma na gado. A dawakin Konemara na ƙasar Ailan akwai cutar da ke sa bangon kofato ya riƙa rabewa tun doki yana ɗan ƙarami. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis sun gano ƙwayar halittar da ke jawo ta, suka wallafa a 2015. Irin wannan babu abincin da ke warkar da shi. Batun cewa farin kofato ya fi baƙi rauni kuwa, gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna wani bambancin kirki ba. Farin dai ya fi nuna tabo da tsaga.

Harawa, dusa da hatsi

A nan mafi yawan matsalar take, kuma a nan gyara ya fi arha.

Da farko a san nauyin dokin. A auna kewayen ƙirjinsa daidai inda majayi ke zama, sannan tsawonsa daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu, duka da santimita. A ninka kewayen ƙirji da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,880. Doki mai ƙirji 165 da tsawo 150 zai kai kilo 344 ko kusa da haka. Doki na buƙatar busasshiyar ciyawa da harawa da suka kai kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa kowace rana. Ga mai kilo 350, kilo 5 zuwa 7 ke nan. Wannan shi ne tushe, saboda ƙwayoyin halittar da ke babban hanjin doki da ciyawa suke rayuwa, kuma su ke samar masa da bitamin na rukunin B, har da bayotin ɗin da ake saye da tsada.

Ma'aunin da Majalisar Bincike ta Ƙasa a Amurka ta fitar a 2007, wanda masana abincin dawaki suka fi dogara da shi, ya nuna doki mai kilo 500 da ba ya aiki na buƙatar furotin giram 630, kalsiyam giram 20 da fosfaras giram 14 a rana. Idan aka mayar da lissafin kan mai kilo 350, furotin zai zama kamar giram 440, kalsiyam 14, fosfaras 10. Mai aiki, da goɗiya mai shayarwa, da ɗan doki mai tasowa, buƙatarsu ta fi haka.

A damina ɗanyar ciyawa kan biya yawancin wannan. Da rani ne abin ke sauyawa. Ciyawar da ta tsufa ta bushe a tsaye furotin ɗinta kan faɗi ƙasa sosai, harawa ta yi tsada, sai mai doki ya cike giɓin da dusa da gero ko dawa. Ciki ya cika, jiki ma ya yi kyau a ido, amma an ɓata wani ma'auni. Kilo ɗaya na dusar alkama na ɗauke da fosfaras kamar giram 11, kalsiyam kuwa giram 1 kacal. Hatsi ma haka yake, kalsiyam ɗinsa ba a bakin komai ba. Abin da jikin doki ke so shi ne kalsiyam ya fi fosfaras da ninki ɗaya da rabi zuwa biyu, kada ya taɓa gazawa gare shi. Ga shi kuma fosfaras ɗin dusa yana cikin wani sinadari da ake kira faitet, wanda ke kama kalsiyam da zinki a hanji ya hana jiki ɗauka. Idan aka daɗe a haka jiki kan riƙa kwasar kalsiyam daga ƙashi, har fuskar doki ta kumbura, ya riƙa ɗingishi yau wannan ƙafa gobe waccan. Kofato ma na cikin masu biyan bashin: binciken da aka yi a Jami'ar Edinbara a 1987, inda aka duba kofatai masu gautsi da na'urar ƙara girma, ya nuna akwai nau'in lalacewar da bayotin kaɗai bai gyara ba sai da aka ƙara kalsiyam da furotin.

Abin da Turawa ke nema a ciyawar alfalfa, ƙasar Hausa na da shi a harawar gyaɗa da ta wake. Suna da kalsiyam kusan kashi 1 cikin 100, furotin kuma sama da kashi 10 idan ganyen bai zube ba. Kilo 3 na harawa mai ganye na ba da kalsiyam kamar giram 30, wanda ya isa ya daidaita kilo ɗaya na dusa da kilo ɗaya da rabi na hatsi. Darajar harawa a ganye take. Wadda ta sha rana a kan rufi har ta zama kara zalla, ko wadda ruwa ya daka ta yi funfuna, sunan kawai ya rage. Inda harawa ta gagara, a ƙara giram 30 zuwa 40 na garin laimiston, irin wanda masu haɗa abincin kaji ke saye, a kan kowane kilo na dusa. Ba farar ƙasar shafe ɗaki ba, wannan ƙonanniya ce, tana ƙona baki da ciki.

Kanwa ba ta maye gurbin wannan. Abin da ke cikinta galibi sodiyam ne, ba kalsiyam ko zinki ba. Gishiri kuwa dole ne, giram 30 a rana ga dokin da ke hutawa, a ƙara wa mai zufa. Ruwan sha aƙalla lita 5 a kan kowane kilo 100 na nauyi, a zafin bazara kuma kan ninka.

Idan furotin ne ya gaza, garin waken suya da aka tatse mai shi ya fi, giram 200 zuwa 300 a rana, saboda yana da laisin mai yawa, wani sinadarin gina jiki da ke cikin furotin, wanda hatsi ke ƙarancinsa. Sai an gasa ko an dafa, ɗanye na hana narkewar furotin. Tunkuza ma na da furotin, amma laisin ɗinta kaɗan ne, kuma idan an yi ta da ruɓaɓɓiyar gyaɗa tana ɗauke da dafin funfuna mai lalata hanta. Haɗaɗɗen abincin kaji ko na shanun kiwo kuwa kada a kusantar da shi ga doki, domin wasu na ɗauke da monensin, maganin da ɗan kaɗan ɗinsa ke kashe doki.

Babban hatsarin da ke tattare da shirin sallah shi ne ɗura hatsi farat ɗaya don doki ya yi ƙiba. Sitacin da ƙaramin hanji ya kasa narkarwa kan wuce babban hanji ya yi tsami, ya kashe ƙwayoyin da ke wurin, abin da ke biyo baya shi ne ciwon ciki ko laminaitis. Kada ci ɗaya ya wuce rabin kilo na hatsi a kan kowane kilo 100 na nauyin doki, wato kilo 1.75 ga mai kilo 350. A raba sau biyu ko uku a rana, duk wani ƙari kuma a yi shi a hankali cikin kwana 10 zuwa 14. Mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka a ɗora kwanon da ake awo da shi a sikeli ko da sau ɗaya ne.

Gardamar bayotin

Masu goyon bayan bayotin suna da hujja ta gaske. A makarantar hawan doki ta Biyena, a Ostiriya, an gwada shi a kan ingarmu 42 'yan irin da ake kira Lifizana, aka ba wasu miligiram 20 a rana, wasu aka ba su garin da babu komai a ciki. Sakamakon da aka wallafa a 1995 ya nuna kofatan waɗanda suka sha sun inganta, amma sai bayan wata 9 aka ga bambancin sosai. Wani gwaji a Afirka ta Kudu a 1992 ya nuna miligiram 15 a rana na wata 10 ya ƙara saurin tsiro da tauri.

Masu shakka kuma na cewa lafiyayyen doki mai cin isasshiyar ciyawa yana samun bayotin daga hanjinsa, ma'aunin 2007 ma bai ƙayyade wani adadi da ya zama dole ba, kuma ba kowane doki ke amsawa ba. Wannan ma gaskiya ne.

Idan aka haɗa ɓangarorin biyu, ga inda magana ta tsaya: bayotin na taimakon dokin da kofatonsa ke da rauni duk da an gyara abinci da muhalli da yanka. Adadin shi ne miligiram 15 zuwa 20 kowace rana ba fashi, na aƙalla wata 9. Ba ya cutarwa, abin da ya yi yawa yana fita a fitsari. Inda ake asarar kuɗi wuri biyu ne. Wasu gwangwanaye sun rubuta bayotin da manyan baƙaƙe, amma idan aka duba ma'aunin rana ɗaya bai wuce miligiram 1 ko 2 ba. A lura, maikirogiram 1,000 ne miligiram ɗaya. Na biyu, sayen gwangwani ɗaya na wata guda a daina. Wanda ba zai iya ɗaukar nauyin wata tara ba, gara ya zuba kuɗin a harawa.

Zinki, tagulla da seleniyam

Zinki da sinadarin tagulla na cikin abubuwan da jiki ke gina keratin da su. Doki mai kilo 350 na buƙatar zinki kamar miligiram 280 da tagulla 70 a rana, wato kusan huɗu da ɗaya. Garin ma'adinai ɗaya da aka haɗa don dawaki ya isa.

Seleniyam ne abin tsoro. Buƙatar doki ba ta wuce miligiram 1 a rana ba, kuma tazarar da ke tsakanin isa da guba ƙanƙanuwa ce. Idan ya riƙa yin yawa sai ya shiga gurbin farar wuta a cikin keratin, gashin jela da geza ya zube, kofato ya tsage a kwance, a wasu lokutan ya kwaɓe gaba ɗaya. A watan Afrilun 2009 dawakin folo 21 suka mutu a jihar Fulorida ta Amurka bayan an yi musu allurar haɗin bitamin da aka yi kuskuren zuba seleniyam fiye da kima. Mai haɗa gari biyu ko uku, ga allurar ƙarin kuzari, ya tara lissafin abin da ke cikin kowanne.

Mai, ruwa da turke

Ana ɗauka hunturu ne ke busar da kofato kamar yadda yake kawo faso a ƙafar mutum, don haka maganin shi ne jiƙawa da shafa mai. Bincike bai goyi bayan wannan sosai ba. A 2012 masu bincike a Ostireliya sun kwatanta dawakin daji na busasshiyar hamada da na wuri mai dausayi a Niyu Zilan, suka tarar danshin bangon kofatonsu ɗaya ne, kusan kashi 30 cikin 100. Tsayar da doki awa biyu cikin ruwa ma bai sauya danshin bango ba, tafi ne kawai ya sha ruwa ya yi laushi. Danshin bango daga ciki yake zuwa.

Busasshen kofato mai tauri, irin na dawakin Sahel, ba ciwo ba ne. Abin da ke ɓata bango shi ne jiƙewa da bushewa a kai a kai, fatarsa ta waje ta kumbura ta tsuke har ta yi ƙananan tsaga. Wankin doki kullum a bar shi tsaye cikin caɓi, sannan a fito da shi kan zazzafan rairayi, shi ne wannan. Mafi muni shi ne gindin turke. Dokin da ke ɗaure wuri ɗaya dare da rana yana tsaye a kan fitsarinsa da kashinsa, amoniyar fitsari na cin keratin, ƙwayoyin cuta kuma na samun mafaka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan ake samun baƙin ruwa mai wari a kwarin matashin tafi, ko farin layi ya zama gari har rami ya haura cikin bango.

Maganin ba ya cin kuɗi, aiki yake ci. A kwashe kashi safe da yamma, a kankare jiƙaƙƙiyar ƙasa a zuba busasshen yashi, a ɗaga wurin ya ɗan gangara, a riƙa sauya turke idan da fili. A ɗaga kowace ƙafa kullum a sakace ta daga dunduniya zuwa gaba. Inda ya fara wari, a yanke ruɓaɓɓen, a wanke, a busar, a sa aidin. A kuma riƙa fita da doki, ko tafiyar minti 30 ce, domin taku ke tura jini zuwa zoben da ke ƙera kofato.

Man kaɗanya ɗan siriri a bakin gashi da dunduniya ba laifi, yana tausasa fatar wurin. Abin da ba ya yi shi ne ƙara wa bango ƙarfi, kuma laɓta shi a kan tafi mai wari rufe ƙwayoyin cuta ne a inda babu iska, inda suka fi so. Baƙin mai na inji ba shi da gurbi a ƙafar doki. Fomalin, ruwan maganin da ake adana gawa da shi, yana taurara kofato, amma yana ƙara masa gautsi, yana kuma ƙona nama idan ya taɓa shi.

Yanka, takalmi da kwalta

Wannan ne kaɗai ɓangaren da ake ganin amfaninsa cikin mako guda. A gyara kofato duk bayan mako 5 zuwa 6, mai gautsi ma duk mako 4. A rage tsawon gaba, a daidaita gefe da gefe, a goge bajewar baki, sannan a zagaye bakin da magagari ya zama kamar bakin ƙwarya, don kada ƙasa ta sami abin kamawa. Kada a goge saman bango don neman sheƙi, akwai siririn rufi na halitta da ke kare shi. Kada a fafe tafi ya yi siriri. Sara da adda ko wuƙa da guduma ba tare da gogewa ba kan bar ƙananan tsaga da za su haura daga baya.

Doki marar takalmi na yin lafiya a kan rairayi. A kan kwalta da tsakuwa kuwa ci kan fi tsiro sauri, kuma hawan kwana da kwanaki a titunan Kano ko Katsina ko Zariya na iya cinye abin da aka tara a watanni. Mai kofato mai rauni ko dai a yi masa takalmi, ko a rage masa atisaye a kan titi. Idan za a yi takalmi, a yi shi mako ɗaya ko biyu kafin hawa, ba jajibere ba, da ƙananan ƙusoshi kaɗan da za su fito a lafiyayyen bango. Takalmin da ya wuce mako 6 zuwa 8, ko wanda ya fara kaɗawa, yaga bango yake yi.

Lokacin kiran likita, da yadda za a san ana ci gaba

Akwai alamun da ba a jira da su: doki ya ƙi taka ƙafa, kofato ya yi zafi, jijiyar bayan idon sawu na bugawa da ƙarfi, ya miƙe ƙafafun gaba ya jingina baya, ko tsaga na fitar da jini ko mugunya. Idan ana zargin laminaitis, a janye hatsi nan take, a tsayar da shi kan yashi mai laushi, a sa ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara kafin likita ya iso. Ƙusar da ta soki tafi, musamman a tsakiya, na iya kaiwa ga gaɓa, ga kuma hatsarin tetanas, cutar da dawaki ke saurin kamuwa da ita. Dokin da ke ci amma ba ya murjewa a duba haƙoransa da tsutsar ciki, domin abincin da bai narke ba bai isa kofato ba.

Ga sauran, a yi ɗan ƙaramin zane da magagari santimita ɗaya ƙasa da bakin gashi a ranar da aka fara gyara, a ɗauki hoto da waya, a riƙa aunawa duk wata. Bayan wata 3 ya kamata a ga sabon zobe mai santsi da ya kai santimita 2 zuwa 3 a saman zanen, ko da ƙasan na nan da tsagoginsa. Idan sabon ma ya fito da gautsi, to ba a taɓa ainihin dalilin ba, a koma kan lissafin dusa da harawa da ƙasar gindin turke kafin a sayi wani gwangwani.